Abin da Na Ƙara a Labarin Rijiyar Kaka

Dakoro, Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki kin sauka Maradi lafiya, kin tarar da Gwaggonki Balki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa ba ku sha zaman hanya ba. Allah ya tsare ki a ɗakin da ba ki saba kwana ba, ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da ƙawaye na gari, ya sa makarantar lise ta karɓe ki.

Ina rubutun nan ne kina tsakar gida kina wankin kayan tafiya. Taku goma ne tsakanina da ke, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar kina Makka. Gobe da safe, kafin Babanku ya ɗauki jakarki zuwa tasha, zan tura ta ƙarƙashin cukun da na ɗaure miki. Labarin gida ba zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Maganar da ke tsakaninmu nake so in yi, wadda ta kai wata huɗu tana zaune da mu kamar baƙon da ba a tambayi ranar tafiyarsa ba.

Tun ranar da kika dawo daga lakwal ɗinku ta boko da takardun nan a hannu, ban sake jin komai daga bakinki ba sai "To, Inna" da "Lafiya lau, Inna." Ba ki yi mini rashin kunya ba, ba ki ƙi aikena ba, ruwan randa bai taɓa ƙarewa ba. Amma kayen da kike rubuce-rubucenki a ciki, wanda a da ko taɓa shi ba a yi, na gan shi a hannun ƙanwarki tana zanen awaki. Tsorona ke nan, Uwani. Ina tsoron ki hau motar gobe da wannan shirun, ki ajiye rubutu har abada, kuma ya zama ni ce sanadi.

Bari in faɗi abin da na yi daga farko, tunda ban taɓa faɗarsa da bakina ba.

Mushe Isufu, malaminku na Turancin Angile, ya ce kowa a ajinku ya rubuta labari da Hausa, wanda ya fi kyau za a karanta shi a gidan radiyon garin nan. Ke kika rubuta labarin rijiyar garinmu a Azagor, da Kaka, mahaifiyata, da take zuwa can tun tana yarinya. Har kin kira ta a waya kin ce ta tanadi batir na radiyonta. Da kika gama sai kika kawo mini shafi uku, rubutun kamar kaji sun yi dambe a kai, kika ce, "Inna, hannunki ya fi nawa kyau, ki kwafe mini. Gobe ake kaiwa."

Na zauna gindin bishiyar bedi na karanta. Na ga igiya, na ga wasaki, na ga raƙumin da ke jan ruwa. Na ga inda kika ce igiyoyi sun ci itacen bakin rijiyar har sun yi masa ramuka goma sha ɗaya, kuma Kaka ta ce wanda ya fi zurfi na gidanmu ne. Na kai ƙarshe ban tarar da iska mai daɗi tana kaɗawa ba, ban ji tsuntsaye suna rera waƙa ba, babu wanda zuciyarsa ta buga, babu wadda hawaye ya wanke wa fuska. Sai tausayin labarin ya kama ni. Na ga kamar an fito da amarya ba lalle ba turare. Na ce a raina, yarinya ce, ba ta san yadda ake yi ba, bari in taimake ta. Na ɗauki alƙalamin bik ina kwafa ina yayyafa masa abin da na sani. Wuri bakwai na ƙara. Da na gama har daɗi nake ji, ina hango ki a radiyo, ina hango matan unguwa suna shigowa yi mini barka. Ke kuma kika karɓa kika sa a jaka ba ki duba ba, don ba ki taɓa zaton ana duba aikin uwa ba.

Bayan sati ɗaya kika shigo, ko hijabi ba ki cire ba, kika ajiye takardun a kan cinyata.

"Inna, duba nan."

Jan bik ne, kalma guda an rubuta ta sau bakwai a gefen shafi: cliché. Na ce, "Mene ne wannan? Yabo ne?"

Kika ce, "Mushe ya ce kalma ce ta Angile, a Faransanci ma akwai ta. Magana ce da aka yi ta faɗa, aka yi ta faɗa, har ta suɗe. Mai faɗarta bai ga komai ba, mai jinta ma ba ya ganin komai. Ya ce asalinta wani ƙarfe ne na masu buga littafi, a zuba kalmomi a jikinsa sau ɗaya, a yi ta danna shi a kan takardu ba mai sake dubawa."

Na ce, "Ai haka ake rubuta labari, Uwani."

"Inna, Kaka ido ɗaya gare ta. Kin ba ta dara-daran idanu. Kin ce fara ce tas kamar tangaran. Mushe ya karanta a gaban aji, Zali 'yar ajinmu da ta san Kaka har ƙasa ta kai don dariya. Yanzu duk lakwal Jikar Dara-dara suke ce mini."

Na tashi na shiga madafa na hura wutar da ba na bukata. Wannan tashin ma kuskure ne, kuma shi ya fi tsawo, don sai yau nake dawowa in zauna.

Ina so ki san inda na samo waɗannan kalmomi, ba don in wanke kaina ba. A aji shida na bar lakwal na koma bin awaki. Ina da shekara sha huɗu wata 'yar kawuna ta zo daga Maradi da ƙananan littattafan nan na soyayya cike da buhun sukari. A gindin aduwa na koyi karanta su, ina haɗa baƙi da baƙi, awaki suna shiga gonar mutane. Ki tuna yadda Azagor take: rairayi, ƙaya, sama ba iyaka, tafiyar yini ba ka gamu da inuwa biyu a jere ba. Sai ga littafi ya buɗe mini gidan bene, da labule mai motsi, da ruwan sama yana gangarowa a jikin gilashi, da wani saurayi mai farar shadda da ba ya gumi. Ban taɓa ganin teku ba, amma na san son da ya fi teku zurfi. Ban taɓa riƙe fure ba sai na tafasa, amma na san yadda ake miƙa shi. Da rana ta karkata nakan kwanta a kan rairayi in ɗora littafin a fuskata, in ji ƙanshin takarda, in yi ta tafiya a garuruwan da ba su da ƙasa. Har yau ban dawo duka ba. Shekarata talatin da huɗu, a unguwa Amarya ake ce mini, Babanku kuwa cewa yake jikina ne kawai ya tare a gidan nan. Ba na zargin littattafan. Sun yi mini rakiya lokacin da ba ni da kowa, kuma gobe ma in kin tafi su zan buɗe. Laifina shi ne na ari idanunsu na rufe nawa.

Wanda ya fara shan wahalar wannan aron shi ne mahaifinki. Kwana uku da kawo ni, ya dawo daga kasuwar dabbobi, ƙura har gira, warin raƙuma yana binsa. Na durƙusa da kwanon ruwa yadda na karanta ana yi, na sassauta murya na ce, "Barka da zuwa, hasken idanuna."

Ya waiwaya bayansa ya ga ko da wani ya shigo. Sannan ya dube ni ya ce, "Lafiya? Idon ne ke ciwo?"

Ranar kasuwa ta gaba ya kawo mini tozali.

Kin san shi. Zai buɗe bakin raƙumi ya faɗi shekarunsa, zai shafa bayan sa ya san ciyawar inda ya fito, amma maganarsa a yini ba ta cika ludayi ba. Shekara uku ina jiran ya ce mini abin da samarin littafi ke cewa. Nakan shirya amsata tun da rana, ina daka ina maimaitawa, ya shigo ya ce, "An ba tumakin nan ruwa?" Na yanke a raina cewa mutumin nan ba ya sona, haƙuri kawai muke da juna. Wata rana, ina da cikinki, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Kullum sai kin karkata littafin nan wajen ƙofa. Wuyanki zai yi ciwo." Washegari bai je kasuwa ba. Ya ari diga ya fasa bangon gabas, ya fitar da taga daidai tsayin kaina in ina zaune a kan tabarma. Ba a tsayin mutum a tsaye ba, Uwani, a tsayina ina zaune. Ya auna da idonsa ban sani ba. Kin san abin da na yi? Na zauna a cikin hasken tagar na buɗe littafi, na karanta inda wani yake ce wa wata ita ce numfashinsa, na yi ajiyar zuciya na ce, kaico, ni ban dace ba. Sai da na shekara goma ina zama a wurin kafin in gane abin da aka faɗa mini da diga.

Don haka ga shawarata. A Maradi za ki ji zaƙin baki irin wanda ba ki taɓa ji ba, daga samari, daga ƙawaye, har daga masu sayar da atamfa. Duk maganar da aka yi miki, ki tambayi kanki: in an cire sunana aka sa na wata, za ta zauna daidai? In za ta zauna, to ba ke aka gani ba, ki yi godiya ki wuce. Ki riƙe wanda ya lura da wani ƙaramin abu da ke kaɗai ke da shi, ko da bai iya faɗarsa da daɗi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, don a kan wasu ya faɗa. Kina goye, lokacin waya ba ta shiga kowane hannu ba, mazan unguwarmu da yawa suna ci-rani a Aljeriya. Direbobi ke kai takardu. Da aka ji Amarya ta iya rubutu, sai mata suka fara zuwa. Rabi, maƙwabciyarmu ta bayan gida, ta zo ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Ki ce mashi akuya ta haifi biyu, guda ya mutu. Ki ce mashi katangar gabas ta faɗi, dabbobin mutane na shigowa. Ki ce mashi Sani ya fara tafiya, kuma irin tafiyarshi yake, yana jan ƙafar hagu. Shi ke nan."

Na ce, "Shi ke nan? Ba za ki ce kina kewarsa ba?"

Ta rufe baki da gefen zane ta ce, "Ke Amarya, ba ki da ta ido. Ai ya sani."

Na dubi maganganun nan uku na ga ba su kai wasiƙa ba. Akuya, katanga, jan ƙafa. Sai na rubuta masa cewa tun da ya tafi barci ya ƙaurace wa idanunta, abinci ya zama maɗaci a bakinta, dare ya yi mata tsawon shekara. Na cika shafi biyu, wuri ya ƙare ban sa akuyar ba, ban sa katangar ba, ban sa tafiyar Sani ba. Da Sa'a, wata matar unguwarmu, ta zo da yamma da nata saƙon, kalmomin suna nan da ɗuminsu a kaina, na zuba mata su kamar yadda suke. Ban san mazan biyu ɗaki ɗaya suke kwana a Tamanrasat, can Aljeriya, ba, kuma mutum ɗaya ke karanta musu takarda.

Bayan wata biyu Rabi ta shigo ba sallama, amsa a hannunta, an riga an karanta mata.

"Amarya, mi kika rubuta ma mutumin nan? Ya ce in ba ni barci in tafi likita, in ja Sa'a mu tafi tare, tunda ciwonmu guda. Ya ce duk masaukinsu an haddace takardar, in mutum ya ƙi cin tuwo sai a ce ko ya zama maɗaci."

Na fara dariya, sai na ga ita ba ta yi.

"Katangar fa? Ya ce komi a kan katangar?"

Na sunkuyar da kai.

"Da ya ji, da ya sa ƙanensa ya zo ya tayar. Jakunan mutane sun cinye harawar da na tara ma rani. Kuma yana tambaya wai ko Sani ya fara rarrafe." Ta ninke takardar ta soke a ƙugu. "Na ba ki magana uku, Amarya. Ko guda ba ki kai ba."

Ba ta sake kawo mini saƙo ba. Ta koma wurin wani tsohon malami mai rubutun ajami, wanda in ka yi tari ma sai ya tambaya ko a sa. Muna gaisawa har yau, amma tun daga ranar akwai abin da ba ta ba ni. Sai da na girma na ji abin da ke cikin maganarta ta uku. Mace ta ce wa mijin da ke bayan hamada ɗanka yana tafiya irin taka. Duk littattafan da ke ƙarƙashin gadona babu layin da ya kai wannan, ni kuma na zubar da shi don bai yi kama da abin da na saba ji ba.

In wani ya ba ki maganarsa ki kai, amana ce, kamar ya ba ki ƙwaryar nono. Kada ki ƙara ruwa don ta cika ido. Da a ce na koyi wannan daga Rabi, da ban yi miki abin da na yi ba. Shekara goma sha biyar tsakani, hannu ɗaya, laifi ɗaya.

Akwai na uku, sabo ne, ba ki san da shi ba. Bayan jan bik ɗin nan na shiga tuhumar duk abin da zai fito daga bakina. In zan ce "sannu da aiki" sai in ji kamar Mushe Isufu yana tsaye bayana. Ana cikin haka mijin Tani mai ƙosai ya rasu. A hanyar gidan gaisuwa na ce wa kaina, yau ba zan faɗi abin da kowa ke faɗa ba, zan nemo magana tawa. Na shiga na durƙusa gabanta, ɗaki cike da mata, na buɗe baki babu komai a ciki. Can na ce, "Tani, gidan nan zai yi miki faɗi yanzu."

Gaskiya ce, kuma tawa ce. Amma matar da ta yini tana riƙe da kanta sai ta kife a kan tabarma tana kuka kamar a lokacin aka fito da shi. Tsofaffi suka bi ni da ido. Wata gyatuma ta matso, ta dafa bayanta ta ce, "Allah ya jiƙan rai. Ya haƙuri?" Tani ta ɗago, ta share fuska ta ce, "Da godiya." Ta sake tambaya, ta sake amsawa. A karo na uku muryarta ta dawo daidai.

Na dawo gida ina tunani, sai labarinki ya faɗo mini, wurin ramukan itacen rijiya. Su ma yawan bi ne ya cinye su, amma ba lalacewa suka yi ba. Su ke riƙe igiya kada ta zame lokacin da hannu ya gaji. Akwai tsohuwar magana irin wannan: gaisuwa, ta'aziyya, addu'ar tafiya, karin maganar da tsohuwa za ta jefa miki a daidai wurinta. Mutum yana kama su ne a ranar da ba shi da ƙarfin ƙirƙiro komai. Ban sani ba ko kalmar Mushe ta haɗa da su. A ganina ba ta haɗa ba. Ba tsufan magana ne aibinta ba. Aibin shi ne a zura guga a jawo, a miƙa wa mutum ba a duba ko da ruwa a ciki ba. Gyatumar nan ta dubi Tani kafin ta yi magana. Ni ban dubi Kaka ba da na ba ta ido biyu, ga shi kuwa a cinyarta na girma.

Saboda haka kada boko ya sa ki raina gaisuwa. Ki durƙusa wa Gwaggonki kowace safiya ki yi mata ita cikakkiya, da kwana, da gajiya, da gida, ko da kin san amsar tun kafin ta buɗe baki. In tsoho ya yi miki karin maganar da kika ji sau ɗari, kada ki yi murmushin 'yan lise. Jan bik na takarda ne, ba a shiga da shi gidan mutane.

Saura abin da na yi a satin nan. Shafukanki uku na asali ban yar da su ba, suna cikin wani littafina tun ranar. Shekaranjiya, da na ce miki zan je awo, gidan Mushe Isufu na tafi. Na same shi a zaure yana gyaran babur, hannu duk baƙin mai. Na gaishe shi na ce ni ce mahaifiyar Uwani. Na miƙa masa takardun biyu, mai jan bik da taki, na ce, "Mushe, wuraren nan bakwai nawa ne. Ni na ƙara su da na kwafe mata. Ga abin da ta rubuta."

Ya goge hannu a tsumma ya karanta a tsaye. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ce, "Madam, na tsare ta bayan aji na tambaye ta. Na ce wannan ba muryarki ba ce, wa ya sa miki hannu? Ta ce ba kowa. Sau biyu ina tambaya."

Uwani, ban san wannan ba. Wata huɗu ina zaton fushi kaɗai kike ɗauke da shi, ashe har da rufin asirina. Kin bar su suna kiranki da sunan nan a filin lakwal, alhali kalma ɗaya ta isa ta mayar da dariyar kaina. Na tsaya a zauren mutumin nan na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon tayar babur.

Ya ce maganar radiyo ta wuce, an karanta na wata, ba abin da za a iya. Ya ce shi ma ya yi kuskure da ya karanta a gaban aji. Sai ya roƙi in bar masa shafukan ya riƙa nuna wa 'yan ajin bana. Har na miƙa hannu, sai na janye. Na ce, "Ba nawa ba ne, Mushe. In ta zo hutu ka tambaye ta."

Daga can na kira Azagor, aka kai wa Kaka waya. Ashe ranar nan ta sa sabon batir ta zauna tun azahar, ta saurari labarin wata yarinya har ƙarshe, ta kashe radiyo ba ta tambayi kowa ba. Na ce, "Inna, ga labarin jikarki, yadda ta rubuta shi." Na karanta mata ban ƙara ko wasali ba. Da na zo inda kika ce takan kira raƙumin jan ruwa da sunan marigayi kakanku, tana cewa, "Ja, Alhasan, ja, ba ka taɓa sauri ba a rayuwarka," sai ta tsayar da ni.

Ta ce, "Wa ya gaya mata wannan?"

Na ce, "Ba kowa. Ji ta yi."

"Ɗiyar nan kunne gare ta kamar zomo. Ki ce mata ta rage tonon asiri, ina da surukai a garin nan." Ta yi tari. "Sake karanta mani wurin."

Sau uku na karanta mata. A na ukun ina jin ta tana kiran maƙwabta su zo su ji.

To, ga ni na zo inda nake ta kewaye tun farkon takardar nan. Tun jiya nake neman kalmomin da zan ba ki haƙuri da su. Duk wadda na ɗauko sai in tarar na san shafin da na same ta. Na rubuta cewa zuciyata ta yi ƙunci, na soke. Na rubuta cewa hawaye sun ƙi tsayawa, na soke, don ƙarya ne, idona a bushe yake. Abin da ya rage bayan soke-soken ba shi da kyau, amma nawa ne. Na ɓata miki aiki. Na yi haka ne don ina ganin na fi ki iyawa, kuma ban fi ki ba. Da kika nuna mini na gudu madafa. A garinmu uwa ba ta saba roƙon ɗiyarta gafara ba, balle ɗiyar fari da ko sunanta ba a faɗa. Ni dai na roƙa. Ki yafe mini.

Shafukanki uku suna cikin wannan takarda, da sabon kaye a ƙasan jaka. Ba zan ce dole ba. Amma in kin sami sukuni, ki rubuto mini yadda Maradi take, ki ba direban da Babanku ke aike. Sau biyu na taɓa zuwa, kuma duk biyun abin da na karanta na je na gani. Ki gaya mini abin da ke bakin ƙofar Gwaggonki, da irin muryar mai tallan da ke fara wucewa da safe, da abin da ya ba ki tsoro a ranar farko. In garin ba shi da kyau ki ce ba shi da kyau. Ko kaji sun yi dambe a kan shafin, haka nake son sa. Zan zauna in karanta, hannuna ba bik.

Allah ya kiyaye hanya, ya kiyaye masauki. Allah ya tsare miki idonki da kunnenki da mutuncinki, ya raba ki da sharrin mai sharri, ya ba ki ilimi mai amfani. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya, ya yi miki albarka. Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yara.

Wassalam.

Mahaifiyarki.